Idan ɗan agaji ya yi ɓarna, ƙungiyar da ta sa shi aiki za ta biya?

Tambayar ta fito ne daga sakataren kwamitin wani masallacin Juma'a da ke da makarantar Islamiyya, ga kuma abin da ya rubuto a taƙaice: "Muna da 'yan agaji da ba ma biyan su ko sisi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki motar bas ta masallaci domin ya mayar da ɗalibai gida bayan walimar sauka, sai ya buge wani mai babur ya karya masa ƙafa. Kafin wannan kuma wani ya mari wani yaro da ya zarga da satar takalma a ƙofar masallaci, har kunnen yaron ya samu matsala. Dangin mutanen biyu sun ce za su kai kwamiti kotu. Mu a ganinmu aikin Allah suke yi, ba ma'aikatanmu ba ne. Shin doka za ta kama mu?"

Malam sakatare, Allah ya ba waɗanda suka ji ciwo lafiya, ya kuma kiyaye gaba. Doka tana iya kama ku, kuma a ganina hujjar da kwamitinku ya fi jingina da ita, wato rashin biyan albashi, ita ce za ta fi saurin faɗuwa a gaban alƙali. Abin da kotu take bincikawa shi ne wanda ya sa mutum aiki, wanda yake da ikon ce masa yi ko bari, da kuma ko ɓarnar daga cikin aikin da aka sa shi ta fito. Albashi alama ce ɗaya daga cikin alamomin wannan dangantaka, kuma dangantakar tana tabbata ko da babu shi.

Ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane suke yawan cakuɗawa. Akwai shari'ar laifi, wadda hukuma take gurfanar da mutum domin a ci shi tara ko a ɗaure shi, akwai kuma ƙarar neman diyya, wadda wanda aka cuta yake shigarwa domin a biya shi kuɗin magani da asarar sana'a da wahalar da ya sha. A shari'ar laifi kowa shi yake amsa abin da ya aikata. Direban da ya yi tuƙin ganganci shi zai tsaya a gaban kotu, haka ma wanda ya yi marin, kuma ba za a ɗaure shugaban kwamiti saboda laifinsu ba sai an tabbatar cewa ya umarta, ko ya zuga, ko ya taimaka. Kama wani a madadin wanda ake zargi ma doka ta hana shi: sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗi haka ƙarara, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta maimaita. Saboda haka idan aka ce sai ma'aji ko na'ibin liman ya zauna a caji ofis har direba ya bayyana, an saɓa doka. Barazanar da dangin nan suke yi muku ta ɓangaren diyya ce, kuma a nan ne ake iya ɗora wa wani nauyin ɓarnar da hannunsa bai taɓa ba.

Abu na farko da lauyansu zai duba shi ne sunan da zai rubuta a takardar ƙara. Idan masallacinku yana da rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin kashi na F na dokar kamfanoni ta 2020 (kafin nan kashi na C ne na dokar 1990), to amintattun sun zama mutum guda a idon doka, suna mallakar fili, suna kai ƙara, ana kuma kai su da sunan da ke kan takardar shaidar rajista. Duk hukuncin da aka yanke zai hau kan dukiyar ƙungiya ne, kamar asusun banki da mota da shagunan haya, ba kan gidajen amintattun na kansu ba, sai wanda shi da kansa ya yi sakaci. Idan kuwa babu rajista, ƙungiyar ba ta da wannan matsayi, ba a kuma iya kai ta ƙara da sunanta. Kotun Ƙoli ta taɓa yanke irin wannan hukunci a 1989 a kan ƙungiyar lauyoyin Najeriya ita kanta, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai ta. Wasu kwamitoci suna ɗaukar rashin rajista a matsayin mafaka, alhali kuwa shi ne yake tura mai ƙara ya kama sunayen shugaba da sakatare da ma'aji ɗaya bayan ɗaya, ya kai su a madadin kansu da sauran 'yan ƙungiya. Cocin Katolika a Ostireliya ya daɗe yana fakewa da wannan hujja tun daga wani hukunci na 2007, har sai da babban kwamitin binciken cin zarafin yara ya miƙa rahotonsa a 2017, jihohin ƙasar suka yi dokokin da suka toshe ƙofar.

Ƙa'idar ɗora wa ubangida ɓarnar ma'aikacinsa daga Ingila Najeriya ta gaje ta. Hukuncin kotunan Ingila na yau ba tilas ba ne a kan alƙalanmu, amma lauyoyi suna kawo shi, alƙalai kuma suna ba shi nauyi sosai a inda babu hukuncin gida. Dalilin ƙa'idar shi ne duk wanda ya sa wasu su yi masa aiki domin cimma manufarsa, shi ne ya jefa haɗarin wannan aiki a cikin jama'a, shi ne kuma ya fi ikon kiyaye shi da yi masa inshora. Kotun Ƙolin Najeriya ta bayyana a shekarar 2000, a shari'ar kamfanin sufuri na Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh, cewa mai ƙara yana iya kai ubangida shi kaɗai ba tare da ya haɗa da direban ba, muddin ya tabbatar da laifin direban. Ma'anar wannan a gare ku ita ce ko ɗan agajin ya bar gari, ƙarar ba ta mutu ba.

Batun wanda ba a biya albashi kuwa, kotunan Ingila sun fi kowa tattauna shi, kuma mafi yawan shari'o'in a kan ƙungiyoyin addini aka yi su. A 2012 Kotun Ƙolin Birtaniya ta saurari ƙarar mutum 170 da suka ce an ci zarafinsu tun suna yara a wata makarantar kwana ta yankin Yorkshire tsakanin 1958 da 1992. Malaman da ake zargi 'yan wata ƙungiyar Katolika ce ta De La Salle, mutanen da suka yi alwashin sadaukar da rayuwarsu ga koyarwa. Ƙungiyar ta ce ba ta taɓa ɗaukar su aiki ba, ba ta biyan su komai, hasali ma su ne suke miƙa mata abin da suka samu. Kotu ta ce wannan bai fitar da ita ba, domin tana da shugabanni daki-daki, ita take tura su inda za su koyar, ita ta tsara musu ƙa'idojin rayuwa da na aiki, kuma koyarwar da suke yi ita ce ainihin manufar da aka kafa ƙungiyar dominta. Kotun ta ga cewa alwashin addini ya ɗaure su ga ƙungiyar fiye da yadda takardar kwantiragi take ɗaure ma'aikaci. Daga wannan hukunci ne tambayoyi biyu suka zauna daram: shin dangantakar tana kama da ta ubangida da ma'aikaci, kuma shin ɓarnar tana da alaƙa ta kusa da aikin da aka ba mutumin?

Shari'ar da ta fi nuna yadda tambayoyin biyu suke rabuwa ita ce wadda aka yanke ranar 26 ga Afrilu, 2023, a kan Shaidun Jehobah na garin Barry a kudancin Wales. Wata mata da mijinta sun ƙulla abota ta kusa da wani dattijon majami'ar da iyalinsa. Dattijo a tsarinsu muƙami ne na jagoranci, kuma ba a biyan mai shi albashi. Mutumin ya shiga shaye-shaye da damuwa, ya fara yi wa matar abubuwan da ba su dace ba, ita kuma ta kai kuka ga mahaifinsa, wanda shi ma dattijo ne, sai ya roƙe ta da ta ci gaba da tallafa wa ɗan nasa. A Afrilun 1990, bayan iyalan biyu sun fita wa'azin gida-gida da safe, suka koma gidansa, a can ya yi mata fyaɗe. An ɗaure shi shekara 14 a 2014. Ta kai ƙungiyar ƙara, babbar kotu ta ba ta diyyar fam 62,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, amma alƙalai biyar na Kotun Ƙoli baki ɗaya suka rushe hukuncin.

A tambaya ta farko kotun ta ba matar gaskiya: aikin dattijo sashe ne na aikin ƙungiyar, ita ta naɗa shi, ita take iya sauke shi, dokokinta yake bi, kuma rashin albashi bai canza komai ba. A tambaya ta biyu ne ƙarar ta faɗi. Mai shari'a Burrows, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce ba a cikin wani aikin majami'a aka yi fyaɗen ba, a gidan mutumin aka yi, kuma a lokacin amanar abota ya ci, ba ikon muƙaminsa ya yi amfani da shi ba. Gaskiya ne da ba don muƙamin nasa da roƙon mahaifinsa ba, da matar ta daɗe da yanke hulɗa da shi, amma kotu ta ce zama sanadi na nesa bai isa ba. Ni a ganina hukuncin ya yi tsauri a kan matar, musamman da yake wani jagora ne ya ce mata ta ci gaba da kusantar mutumin, kuma kotuna biyu na ƙasa sun ga haka. Duk da haka darasin da ke cikinsa a fili yake, kuma ya shafe ku ta fuska biyu. Ba duk abin da ɗan ƙungiya ya aikata a rayuwarsa ne zai hau kan ƙungiya ba, amma kalmar "ɗan sa-kai ne" ba ta ƙara zama garkuwa.

Lauyanku zai iya kawo hukuncin Ostireliya na Nuwamban 2024, inda babbar kotun ƙasar ta ƙi bin Ingila, ta ce ba za a ɗora wa cocin yankin Ballarat ɓarnar wani fada ba tunda ba ma'aikaci ba ne a ma'anar doka, kuma faɗaɗa ƙa'idar aikin majalisa ne. Hukuncin ya tayar da ƙura, aka shiga kiran majalisun jihohi su gyara doka. Hujja ce da za a iya gwadawa, amma ba zan ba ku shawarar ku gina lissafinku a kanta ba.

Game da haɗarin bas, ba ma sai an je ga waɗannan sababbin shari'o'i ba, domin akwai tsohuwar ƙa'idar wakilci. Idan mota ta yi ɓarna, kotu tana fara ɗauka cewa mai tuƙin wakilin mai motar ne ko ma'aikacinsa, sai mai motar ya kawo shaidar da ta kore haka. Kuma duk wanda ya tuƙa motarka da izininka domin biyan buƙatarka, wakilinka ne a wannan tafiya ko da alfarma yake yi maka. Bas ta masallaci ce, ɗaliban makarantarku ne a ciki, bayan taron da ku kuka shirya, kuma da wuya a ce ba wani daga cikin kwamiti ba ne ya miƙa makulli. Idan an tabbatar da cewa direban ya yi sakaci, ina ganin ƙofar kuɓutarku ƙarama ce ƙwarai. Abin da zai iya canza lissafi shi ne idan ya ɗauki motar ba da sanin kowa ba, ko ya riga ya sauke ɗalibai ya kama hanyar wani gari domin sabgar kansa. Ɗan ratse kaɗan, kamar tsayawa sayen burodi a hanya, ba ya fitar da shi daga aikinku. Haka nan cewa kun hana shi gudu ba ta wadatarwa: tun a 1862 wata kotun Ingila ta kama kamfanin motocin haya na doki a Landan da laifin direbansa da ya tare hanyar motar abokan gasa, duk da cewa a rubuce aka hana direbobi yin haka, domin yana cikin aikin da aka sa shi ne, ya dai yi shi ta hanyar da aka hana. Idan kuma mai babur ɗin shi ma yana da nasa sakacin, misali ya shigo hannun da ba nasa ba, wannan yana rage yawan diyya gwargwadon laifinsa, ba ya share ta.

Ko da da motar kansa ɗan agaji ya fita aikin ƙungiya, maganar tana iya dawowa kanta. A yankin Milwaukee na Amurka, a 2002, wata 'yar sa-kai ta wata ƙungiyar ibada a cocin Katolika ta ɗauki mutum-mutumin Maryamu a motarta za ta kai wa wani ɗan cocin, ta keta jar danja, ta buge motar wani tsoho mai shekara 82 wanda ya shanye daga wannan rana. A 2005 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka samu cewa a madadin cocin ta yi tafiyar, aka yanke diyyar kusan dala miliyan 17, nauyin kuma ya faɗa kan asusun inshorar da cocin yake ciki. Amurka tana da dokar kare 'yan sa-kai ta 1997, amma ɗan sa-kan take karewa daga ƙaramin sakaci, ba ta kare ƙungiyar, kuma ta cire haɗarin mota daga cikin kariyar.

Maganar marin yaro ta fi sarƙaƙiya, domin babu kwamitin da zai yarda cewa ya sa wani ya doki ɗan mutane. Sai dai kotu za ta tambaya me ya tsayar da ɗan agajin a ƙofar masallaci a wannan rana. Idan ku kuka ajiye shi a wurin, da kayan sarki na ƙungiya a jikinsa, domin ya tsare takalma da babura, to hana sata ita ce aikinsa, marin kuma wuce gona da iri ne a cikin wannan aiki. A shekarun 1920 an yi irin wannan a Ingila: wani mai tuƙa keken kaya ya ga yaro a bayan keken kamfaninsu, ya zaci sukari yake sata, ya kai masa duka, yaron ya faɗi ƙafar keken ta taka shi. Kotu ta ce kamfanin zai biya, domin dukiyarsa mutumin yake karewa, ko da ya zarce iyaka. Da a ce ɗan agajinku ya haɗu da yaron ne kwana biyu bayan haka a unguwa, ya doke shi saboda wata tsohuwar gaba da ke tsakaninsa da gidansu, da hukuncin Barry ne zai taimake ku. Ya kamata kuma 'yan agaji su sani cewa abin da doka ta yarda wa wanda ba jami'in tsaro ba shi ne ya riƙe wanda ya kama yana laifi ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Duka da tsallen kwaɗo da kulle mutum a ɗakin ajiya duk laifuka ne masu zaman kansu, ko da satar ta tabbata.

Duk abin da ya gabata a kan ɗaukar laifin wani ne. Akwai wata hanya da ta fi wannan haɗari a gare ku, kuma ita ce lauya mai basira zai fi bi, wato ya ce kwamitin shi kansa ya yi sakaci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan babu ruwan kotu da ko mutumin ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai, tambayoyin a kanku suke. Shin direban yana da lasisin da ya dace da bas, kuma wa ya duba? Yaushe aka gyara birki? Shin an taɓa kawo ƙorafi cewa wannan ɗan agaji yana da saurin hannu, kuma me aka yi a kai? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi cin ƙungiyoyin addini a ko'ina, domin al'adarsu ita ce a kira mutum a yi masa nasiha, a rufa masa asiri, a mayar da shi inda yake. Rufin asiri abu ne mai kyau a abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Idan kuwa mutum ya taɓa cutar da yaro, aka sani, aka sake ba shi yara, to ranar da ya maimaita kotu za ta ɗauki ƙorafin farko a matsayin shaida a kan shugabanni. Wannan ya fi tsanani a makarantun Islamiyya da na allo da makarantun Lahadi, inda iyaye suke miƙa 'ya'yansu saboda amanar da suka ba wurin.

Taron jama'a ma a wannan babi yake. A watan Mayun 2022 mutum 31 suka mutu a turmutsutsu a Fatakwal wajen rabon kayan tallafi da wani coci ya shirya, sannan ranar 21 ga Disamba, 2024, mutum 10 suka mutu a irin wannan rabo a wani cocin Katolika da ke Maitama a Abuja. Ba na ɗora wa masu waɗannan taruka laifi a nan, wannan aikin bincike ne da kotu. Na kawo su ne domin duk wanda ya kira jama'a rabon zakka ko abincin buɗa-baki ko naman layya ya ɗauki nauyin tsara shigarsu da fitarsu, kuma idan ya bar ƙofa ɗaya a hannun matasa huɗu marasa horo, sakacin nasa ne kafin ya zama nasu. Bayan abin da ya faru a 2024 rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu shirya irin wannan rabo cewa ana iya gurfanar da su a kan sakaci.

Tunda ku Musulmi ne, kuma mai yiwuwa maganar ta ƙare a zauren sulhu ko a kotun shari'ar Musulunci, yana da kyau ku san cewa fiƙihu daga wani wuri dabam yake farawa. Asali shi ne wani ba ya ɗaukar laifin wani, kamar yadda ya zo a Suratul An'am aya ta 164, kuma malamai suna jingina ɓarna ga wanda ya yi ta da hannunsa kafin wanda ya zama sanadi. A mazhabar Malikiyya mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta su ne suke lamunin abin da ta taka, kuma a kan wannan ake kiyasin direba. Wasu za su kawo muku ayar Suratut Tauba ta 91, cewa babu hanyar zargi a kan masu kyautatawa, amma ayar ba ta yafe wa mai sakaci haƙƙin mutane ba. Hadisi ya tabbatar da lamuni a kan wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, ko da niyyarsa taimako ce. Wannan ya shafi 'yan agajin da suke yi wa mutane allura ko ɗori a wajen taro.

Amma shari'a ba ta bar mai kuskure shi kaɗai da nauyin jini ba. Diyyar kisan kuskure a kan dangi take, waɗanda ake kira aƙila, ana biya cikin shekara uku, kuma a Malikiyya suna ɗaukar raunin da diyyarsa ta kai sulusin cikakkiyar diyya, abin da bai kai haka ba yana kan dukiyar mai laifin. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yarda cewa inshorar takaful da ƙungiyoyin 'yan sana'a ɗaya da asusun taimakon juna suna iya tsayawa a matsayin aƙila idan tsarinsu ya tanadi haka. Akwai kuma abin da ya faru da Khalid ɗan Walid lokacin da aka aike shi ga ƙabilar Banu Jazima ya kashe mutane bisa kuskuren fahimta: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga aikin, amma malaman tarihi sun ruwaito cewa ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyyarsu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ci Haɗib ɗan Abi Balta'a tarar dirhami 800, wato ninkin kuɗin raƙumar da bayinsa suka sace suka yanka, bayan ya zarge shi da barin su da yunwa, ko da yake Malik ya ce ba a aiki da ninka kuɗin. A duka biyun wanda ya aika, ko wanda yake da iko a kan mai ɓarnar, bai tsaya a kan cewa ba hannunsa ba ne. Abin da za ku tambayi malamanku shi ne daga wane asusu ya halatta a biya, domin kuɗin da aka tara da sunan gini ko waƙafi yana da nasa sharaɗin.

Ga 'yan'uwa da ke Nijar, dokar can daga ta Faransa ta samo asali, kuma sashe na 1384 na kundin dokokin farar hula yana ɗora wa wanda ya sa aiki alhakin ɓarnar wanda ya sa, a cikin aikin da ya sa shi. Can ma ikon ba da umarni ake dubawa.

Abin da ya kamata ku yi a wannan mako shi ne ku fito da takardun bas ɗin ku ga ko tana da inshorar kare wani, wato mai biyan wanda motar ta yi wa ɓarna, wadda doka ta wajabta wa kowace mota. A Janairun 2023 an tsayar da kuɗinta ga ƙaramar motar gida a kan naira 15,000 a shekara, na bas ya fi haka, amma takardun bogi sun yi yawa a tashoshi da ofisoshin 'yan kamasho, don haka ku bincika lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta intanet. Idan ta gaske ce, ku sanar da kamfanin a rubuce nan take, kada kuma ku sa hannu a wata takardar amsa laifi kafin su sani, domin jinkiri da amsa laifi ba da izininsu ba suna cikin dalilan da suke ƙin biya. Wannan bai hana ku zuwa asibiti dubiya da biyan kuɗin magani ba, ku dai riƙe rasit na duk abin da kuka kashe, domin za a lissafa shi a cikin diyya. Kada ku ce wa 'yan agajin biyu su ɓuya, kada kuma ku gyara littafin taron kwamiti ko ku rubuta sabuwar doka ku sa mata tsohon kwanan wata. Irin wannan yana mayar da ƙarar diyya ta koma shari'ar laifi a kan wanda ya yi shi.

Ina ba ku shawarar sulhu a kan maganganun biyu, musamman ta bas, inda hujjarku ba ta da ƙarfi. A yi shi a rubuce, da shaidu daga ɓangarorin biyu, a faɗi adadin kuɗi da lokacin biya, a kuma bayyana cewa ya rufe maganar diyya baki ɗaya. A game da yaron, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai sa hannu, kuma ku jira rahoton likitan kunne kafin a tsayar da adadi, domin idan jin yaron ya ragu har abada, abin da za a biya ya sha bamban da kuɗin maganin mako biyu. Lauyan da zai rubuta muku yarjejeniyar ya duba takardar rajistarku tun da wuri, domin ita za ta nuna wanda yake da ikon sa hannu da sunan masallaci.